Kifin da Ba a Cinyewa

A Hull ba a ba da hutu don wata ya tsaya.
Sabuwar shekarar Sin ta faɗo ran Laraba,
'ya'yan gidan Tsang suka ɗage ta zuwa Asabar
kamar zaman kotu.
Tsohuwa Yuk-chun ta ce shekara ba ta jiran kowa.
Amma ta jira.

Ni ce mai ba ta magani safe da yamma,
mai sa mata safa, mai auna jininta.
Ran Laraba ta ƙwace tsintsiya daga hannuna:
"Yau ba a shara, 'yar nan,
arziki za ki kora waje."
Kwana uku ɓawon lemo yana kwance a tsakar ɗaki,
ina tsallake shi kamar yaro mai barci.

Shekara arba'in tana suyar dankali a shagon ƙasa,
tana ciyar da masu fitowa daga mashaya,
ba ta rufe ƙofa sai a wannan dare.
Yanzu waya ake gyarawa a shagon,
hannunta kuma ya daina riƙe wuƙa.
Daga kujera take girki, da baki:
rage wuta, citta ta yi yawa,
kada a cire kan kifin.
Saboda ni alade bai shiga tukunya ba.
Sau ɗaya ta faɗa, ba wanda ya tanka.

Asabar suka iso da ruwan sama a kafaɗa:
Wai-keung daga Leeds da matarsa Bethan,
Imogen da ta daina cin duk abin da ke da ido,
ta zo da nata a roba,
da Rowan, dogo, kunnuwa a toshe.
Autan yana Vancouver.
Aka jingina waya jikin kwalbar miya,
fuskarsa ta daskare a tsakiyar gaisuwa,
baki buɗe.

Kujera ɗaya ba a zauna ba.
Kwano, tsinke biyu, ɗan kofin shayi:
na maigidan ne, shekara tara a ƙasa.
Ba a kunna masa turare,
bara ƙararrawar hayaƙi ta tara maƙwabta.
Kyandir mai batir ke yi masa haske,
shi kuwa bai yi ƙorafi ba.

Ta zaro jajayen ambulan daga ƙarƙashin matashi.
Ni na karɓo mata sababbin fam daga banki;
ta so in bi su da dutsen guga,
na ce roba ce, narkewa za su yi.
Rowan ya ce, "Kaka, ai da kin turo ta waya."
Ta mayar masa da harshen Hakka.
Ya kalli ubansa.
Uban ya lalubi kalmar
kamar mai neman makulli a aljihun tsohuwar riga,
bai samu ba.

Shiru ya zauna tare da mu.

Sai yaron ya miƙe, ya tara hannu biyu,
ya kawo gaisuwar da ya haddace a mota,
tana ɗingishi, ƙafa ɗaya a Yorkshire.
Tsohuwa ta yi dariya har haƙoranta suka zame.

Kifin ba a cinye ba.
Ba a cinyewa, in ji ta,
sai an bar wa baɗi abin da za ta tarar.
Imogen, da ba ta taɓa shi ba,
ita ta rufe shi, ta sa a firji.

Ƙarfe tara gidan ya koma namu mu biyu.
Na tarar da ambulan a aljihun rigar aikina.
Na tuna Innata a Gusau,
Sallah huɗu ke nan ina yi mata barka ta allo,
ni ma da baki buɗe.

"Yanzu in share?"
Ta buɗe ido ɗaya.
"Share. Amma daga ƙofa ki faro,
ki yo ciki."